Bututu da Tankin Ajiya: Nazari Kan Hanyar da Mai Ke Bi Kafin Ya Iso Fadan Kagoma

Daga Sashen Kasuwanci da Tattalin Arziki

FADAN KAGOMA, Jihar Kaduna — A garin Fadan Kagoma, hedkwatar masarautar Gwong da ke cikin ƙaramar hukumar Jema'a, babu rijiyar mai, babu matata, babu kuma daffo. Duk da haka, da wuya a sami wata sana'a a garin wadda farashin mai bai shafe ta ba. Da shi manomin citta yake lissafin kuɗin motar da za ta kai buhunansa kasuwar Kafanchan ko ta Kwoi, da shi mai injin niƙa yake yanke kuɗin mudu, ɗan acaɓa kuwa da shi yake kwana, da shi yake tashi.

Yawancin masu magana a kan tsadar mai sukan tsaya ne a kan abu biyu, watau rijiyoyin da ake haƙo shi da kuma matatun da ake tace shi. Nazarinmu na wannan mako zai duba abin da ke tsakaninsu, wanda ba a cika ganinsa ba domin ko dai yana binne a ƙasa, ko kuwa yana bayan shinge: bututun da ke ɗauke da ɗanyen mai, da tankunan da ake ajiye shi. Abin da muke so mai karatu ya fahimta shi ne, wani kaso na kuɗin da mutumin kudancin Kaduna yake biya a kan kowace lita kuɗin nisa ne, kuma mutuwar bututu ce ta ɗora masa shi.

Ma'auni da lissafin farko

A kasuwar duniya da ganga ake auna ɗanyen mai, kuma ganga ɗaya lita 159 ce. Matatar mai ta Kaduna, wadda kamfanin Chiyoda na ƙasar Japan ya gina aka buɗe a 1980, an tsara ta ne da farko don ta tace ganga 100,000 a kowace rana, sa'an nan a 1986 aka faɗaɗa ta zuwa ganga 110,000. In aka mayar da wannan adadi zuwa lita, za a sami kusan lita miliyan 17 da rabi a rana guda.

To, a ce da motocin tanka za a kawo wannan ɗanyen mai daga kudu. Tankar da aka fi sani a hanyoyinmu lita 33,000 take ɗauka, saboda haka sai motoci 530 sun shiga ƙofar matatar kowace rana, Asabar da Lahadi duka. In muka ƙaddara cewa zuwa da komowa zai ci wa kowace mota kwana biyar, ana bukatar motoci 2,650 a kan hanya ba dare ba rana. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna cewa matatar da aka gina nesa da rijiyoyi da kuma teku ba ta da rai sai da bututu.

Hanyar ɗanyen mai daga teku zuwa Kaduna

Ɗanyen man matatar Kaduna ya riƙa tasowa ne daga tashar Escravos da ke gaɓar teku a Jihar Delta, inda kamfanin Chevron yake tara man da yake haƙowa. Daga nan bututu ya ratsa fadamu da ƙoramu kimanin kilomita 60 zuwa Warri. Daga Warri kuma wani bututun mai faɗin inci 16 ya miƙo arewa fiye da kilomita 600, ya bi ta Abudu, da Auchi, da Lokoja, da Abaji, da Izom, da Sarkin Pawa, kafin ya iso Kaduna. A tsarin kamfanin man fetur na ƙasa, watau NNPC, wanda aka kafa a 1977, wannan layi shi ake kira 2C. Daga 1988 wani reshe na kamfanin mai suna PPMC ne ya riƙa kula da bututun da daffo-daffo, daga baya kuma aka danƙa aikin ga wani reshen mai suna NPSC.

Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ba man Nijeriya kaɗai wannan layi ya ɗauka ba. Ɗanyen manmu mai tsinkewa ne, ba shi da yawan farar wuta, ya kuma dace da fitar da fetur, da kananzir, da man gas. Amma ɓangare na biyu na matatar Kaduna an gina shi ne don fitar da man inji, da kwalta, da kaki, waɗanda ke bukatar wani irin ɗanyen mai na dabam. Saboda haka aka riƙa shigo da shi ta jirgin ruwa daga ƙasashe kamar Benezuwela, da Kuwait, da Saudiyya, a sauke a Escravos, a turo shi ta wannan bututu guda.

Yadda bututu yake aiki

Mai ba ya tafiya cikin bututu da kansa, tura shi ake yi. Warri tana kusa da matakin teku, Kaduna kuwa ta ɗara shi da kimanin mita 600, watau hawa man yake yi. Bayan haka, gogayyar mai da jikin ƙarfe tana rage ƙarfin turin a kowace kilomita. Wannan ne dalilin kafa tashoshin famfo a garuruwan da muka ambata, inda manyan injuna ke karɓar man su sabunta masa ƙarfi zuwa tasha ta gaba. In injin tasha ɗaya ya mutu, ko man da yake sha ya yanke, tafiyar layin duka ta ragu ko ta tsaya.

Abu na biyu, bututu ba ya ba da ko ɗigo a wannan baki sai ya cika tun daga wancan. Bututu mai inci 16 da tsawon kilomita 600 yana cin kusan ganga 450,000 kafin ya cika. In ana tura ganga 60,000 a rana, man da ya bar Warri yau sai ya yi mako guda a hanya. In kuma muka ƙaddara farashin ganga a kan dala 70, to akwai dukiya ta fiye da dala miliyan 30 kwance a cikin ƙarfen a kowane lokaci. Wannan jari ne da ba ya fita, kuma shi ne abin da ɓarawo yake hari.

Abu na uku, ana tura mai iri-iri bi da bi, wani a bayan wani, ana auna lokacin isowar kowanne domin a karkatar da shi zuwa tankinsa. Daga lokaci zuwa lokaci kuma akan cusa wata na'ura mai kama da toshiya, man ya tura ta tana kankare kaki da laka daga ciki. Akwai irinta mai auna kaurin ƙarfe, wadda ke nuna inda tsatsa ta ci. Daga waje kuwa, akan naɗe bututun da abin kariya, a kuma sa masa 'yar wutar lantarki mai hana tsatsa. Duk waɗannan ayyuka ne na kullum waɗanda ba a kiran taron buɗe su, shi ya sa su ne na farko da ake yanke wa kuɗi in kasafi ya yi ƙaranci.

Amfanin tankunan ajiya

Manomin kudancin Kaduna ba ya bukatar dogon bayani a kan amfanin rumbu. Ya san girbi lokaci guda yake zuwa, ci kuwa kullum ne. Haka abin yake ga mai. Jirgin ruwa yana sauke kayansa a cikin kwana ɗaya ko biyu, bututu yana ɗauka a hankali, matata kuwa tana son abincinta daidai wa daida, domin kashe ta da sake kunna ta yana cin kwanaki da kuɗi, yana kuma gajiyar da injuna. Tankunan da ke Escravos, da Warri, da Kaduna su ne ke daidaita waɗannan tafiye-tafiye uku da ba su zo ɗaya ba.

Tanki yana da wasu ayyukan. A cikinsa ruwa da laka suke kwantawa a tsiyaye su. A cikinsa ake auna abin da aka karɓa a kwatanta da abin da aka turo, ta haka ne ake gane yoyo ko sata. Manyan tankunan ɗanyen mai kuma sukan kasance da rufi mai yawo a kan man, yana hawa yana sauka tare da shi, domin rage tururin da ke tashi da kuma haɗarin gobara.

Masana suna auna ƙarfin ajiya da kwanaki ne. Misali, matatar da ke da ganga 600,000 a tankunanta tana kuma cin 60,000 a rana, tana da kwana goma. In an fasa bututu aka gyara cikin mako guda, mai saye ba zai ma ji labari ba. In gyaran ya kai wata, dole matata ta tsaya. Duniya ta ga ƙimar wurin ajiya a ranar 20 ga Afrilu, 2020, lokacin annobar korona, sa'ad da tankunan garin Cushing na Amurka suka kusa cika, farashin gangar man ƙasar ya faɗi ƙasa da sifiri da dala 37, watau mai kaya ne yake biyan wanda zai karɓa.

Tattalin arzikin bututu

Kuɗin bututu kusan duka a farko ake kashe su: sayen ƙarfe, da haƙa, da biyan diyyar filaye, da gina tashoshi. Bayan haka akwai albashi, da tsaro, da gyara, waɗanda ba sa raguwa ko mai na gudu ko ba ya gudu. Abin da ake ƙarawa don tura ganga ɗaya kuwa kaɗan ne ƙwarai. Ma'anar wannan ita ce, arhar bututu tana ga cikarsa. Layin da ke cin wasu kuɗi a rana yana tura ganga 100,000, in abin da yake turawa ya koma 25,000, kuɗin kowace ganga ya ninka kusan sau huɗu. In ya tsaya cak, kuɗin na nan suna fita, babu abin da ke shigowa.

Motar tanka akasin haka take. Jarinta kaɗan ne in an kwatanta, tana kuma zuwa duk inda hanya ta je, amma kowace tafiya da kuɗinta: man gas, da taya, da direba, da kwanakin hanya. Ko an yi tafiya dubu, ta dubu da ɗaya ba za ta yi arha ba. Don haka ƙa'idar ita ce, doguwar tafiya ta bututu ce, gajeruwa ta mota.

Daga matata zuwa gidan mai

A kan wannan ƙa'ida aka tsara rarraba mai a ƙasar nan. Kafin zuwan bututu, jirgin ƙasa ne ya riƙa hauro da yawancin man arewa, Kafanchan kuwa tun 1927 mahaɗar layin dogo ce tsakanin Fatakwal, da Kaduna, da Jos. Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa tsakiyar 1990 gwamnatin tarayya ta shimfiɗa bututu sama da kilomita 5,000, ta gina daffo sama da 20. Daga Kaduna, layin da ake kira 2D ya ɗauki tataccen mai zuwa Kano da Gusau ta Zariya, wani reshen kuma ya nufi Jos, da Gombe, da Maiduguri.

A wannan tsari, aikin da ya rage wa mota kafin mai ya iso yankin Kafanchan shi ne kimanin kilomita 200 daga daffon Kaduna, ko ƙasa da haka daga na Jos. Tafiyar yini guda ce. In kuwa daga Legas za a ɗauko, tafiyar ta haura kilomita 800.

Yadda tsarin ya lalace

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsufan ƙarfe da rashin gyara su suka fara raunana layukan, masu fasa bututu suka biyo baya. A watan Oktoba na 1998, gobarar bututun tataccen mai a garin Jesse na Jihar Delta ta hallaka ɗaruruwan mutane da suka taru suna kwasar fetur. A watan Fabrairu na 2006 aka fasa layin ɗanyen mai a mashigin Chanomi, tsakanin Escravos da Warri, abin da ya tsayar da matatun Warri da Kaduna har zuwa farkon 2008. A watan Janairu na 2016 wani harin a kan wannan layi ya sake rufe matatar Kaduna. Mai karatu zai lura cewa ɓarna a cikin kilomita 60 na farko ta isa ta mayar da sauran kilomita 600 aikin banza.

Matatar ita ma tana da nata ciwon. Rahoton binciken kuɗi da NNPC ya fitar a 2020 ya nuna cewa a shekarar 2018 matatar Kaduna ba ta sami kuɗin shiga ba, ta kuma yi asarar sama da naira miliyan dubu 60. A watan Agusta na 2022 shugaban kamfanin na lokacin, Malam Mele Kyari, ya shaida wa manema labarai cewa an rufe layukan tataccen mai na ƙasar saboda ɓarnar masu fasawa. A watan Fabrairu na 2023 aka ba kamfanin Daewoo na Koriya ta Kudu kwangilar gyaran matatar a kan kimanin dala miliyan 740, amma har shekarar 2024 ta ƙare ba ta koma aiki ba.

Nauyin da bututu ya sauke, hanya ce ta ɗauka, kuma ba da kuɗi kaɗai aka biya ba. A watan Oktoba na 2024 fashewar tankar mai a garin Majiya na Jihar Jigawa ta kashe mutum fiye da 150. A watan Janairu na 2025 wata ta fashe a mahaɗar Dikko, kusa da Suleja, ta kashe fiye da 80.

Wa ke biyan kuɗin nisa?

Shekaru da yawa mutumin arewa bai ga kuɗin nisa a jikin famfon gidan mai ba. Tun 1975 gwamnati ta kafa asusun daidaita farashin mai, watau PEF, wanda ya riƙa karɓar wani abu a kan kowace lita yana mayar wa dillalai kuɗin dako, domin farashi ya zama ɗaya a ko'ina. Ɗauko mai da mota daga daffo mai nisa an tanade shi ne don lokacin da matata ko bututu ke cikin gyara, amma sannu a hankali ya zama hanyar kullum. Dokar masana'antar man fetur ta 2021 ta narkar da asusun cikin sabuwar hukumar NMDPRA, sa'an nan a ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar ƙarshen tallafin fetur.

Farashin da gidajen man NNPC suka kafa a ƙarshen wannan wata darasi ne da kansa: naira 488 a Legas, naira 537 a Abuja, naira 557 a Maiduguri. Man ɗaya ne, bambancin naira 69 ɗin na hanya ne. Ga manomin Fadan Kagoma abin ya zo a mugun lokaci, domin a daminar wannan shekara ce wata cuta ta ruɓar da citta a gonakin kudancin Kaduna. Shi kuwa sau biyu nisa take cin sa: man da yake saye ya taho daga nesa, cittar da yake sayarwa kuma za ta tafi nesa, har tashar jiragen ruwa ta Legas, kuma ɗan kasuwa daga farashin da zai ba shi yake cire kuɗin motar.

Matatar Dangote mai ganga 650,000 a rana, wadda ta fara fitar da fetur a watan Satumba na 2024, ta rage dogaro da man ƙasashen waje. Sai dai tana Lekki ne, a bakin teku. Ta sauya inda ake samo man, ba ta rage ko kilomita ɗaya tsakanin Legas da Kafanchan ba.

Darasi daga maƙwabta

Jamhuriyar Nijar ta bi wata hanyar. Matatar SORAZ da ke kusa da Damagaram, wadda aka buɗe a 2011, ƙarama ce, ganga 20,000 a rana, kuma bututu mai kimanin kilomita 460 ne yake ciyar da ita daga rijiyoyin Agadem. Amma babban bututun ƙasar, mai kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar tekun Jamhuriyar Benin, ya gamu da cikas a 2024, saboda saɓani tsakanin gwamnatocin biyu da kuma harin 'yan tawaye. Darasin a nan shi ne, tsawon bututu shi ne yawan mutanen da dole a zauna lafiya da su. Wannan ne ya sa duk wani ɗanyen mai da ke kusa da Kaduna yake da muhimmanci, ko na Nijar, ko na yankin Kolmani da ke tsakanin Bauchi da Gombe, inda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aiki a watan Nuwamba na 2022.

Abin lura

Daga wannan nazari za a iya fitar da abu huɗu. Na farko, gyaran matata ba tare da gyaran layin 2C, da tashoshinsa, da tankunansa ba, gina rumbu ne a inda babu hanyar kawo hatsi. Duk sanarwar da za a yi a kan matatar Kaduna, ya kamata jama'a su tambaya ta ina ɗanyen man zai biyo. Na biyu, ko matatar ba ta tashi ba, farfaɗo da layukan tataccen mai zuwa daffon Suleja, da Kaduna, da Jos zai mayar da aikin mota gajere kamar yadda aka tsara tun asali. Na uku, kamfanin da ke riƙe da bututu ya kamata ya rayu da kuɗin dakon da yake karɓa a kan kowace ganga, ya kuma riƙa bayyana abin da ya shiga da abin da ya fita, domin wanda abincinsa ke cikin gudun mai shi zai fi kula da yoyo. Na huɗu, garuruwan da bututu ya ratsa sai sun ga amfaninsa kafin su tsare shi, domin babu rundunar da za ta iya gadin kilomita 5,000 dare da rana.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke hannun mutanen Fadan Kagoma. Amma suna da wakilai a majalisun jiha da na tarayya, suna da ƙungiyoyin manoma da na 'yan kasuwa, kuma wanda ya san inda kuɗinsa ke zurarewa ya fi sanin tambayar da zai yi wa wakilinsa. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, filin zai duba yadda ake lissafin farashin lita ɗaya tun daga daffo har zuwa gidan mai.